Shekara 55 Kan Tabar Wiwi: Nazarin Shari'ar Weldon Angelos da Hanyoyin da Suka Rage wa Fursunan Tarayya a Amurka

Ranar 16 ga Nuwamba 2004, a kotun tarayya da ke Salt Lake City, babban birnin jihar Utah ta Amurka, Mai Shari'a Paul Cassell ya yanke wa wani matashi mai suna Weldon Angelos hukuncin ɗaurin shekara 55 da kwana ɗaya. A cikin doguwar takardar hukuncin da ya rubuta, alƙalin ya faɗa da bakinsa cewa abin da ya yanke ba adalci ba ne, akwai rashin tausayi a cikinsa, kuma hankali ba zai ɗauka ba, sai dai doka ta ɗaure masa hannu. A ƙarshen takardar ya roƙi Shugaba George W. Bush ya rage hukuncin zuwa abin da bai wuce shekara 18 ba, ya kuma roƙi majalisar dokoki ta gyara dokar da ta tilasta masa yin haka.

Wannan shari'a ta cancanci nazari domin Angelos ya bi kusan kowace hanya da tsarin tarayya ya tanadar wa wanda aka riga aka yanke wa hukunci, ɗaya bayan ɗaya, har tsawon shekaru fiye da 11, kuma abin da ya fito da shi a ƙarshe ba ya cikin hanyoyin da aka saba lissafawa a littattafan lauyoyi.

Yadda aka kai ga shekara 55

Angelos mai shirya waƙoƙi ne, yana da ƙaramin kamfanin faifai mai suna Extravagant Records, kuma ya yi aiki da mawaƙa irin su Snoop Dogg. A watannin Mayu da Yuni na 2002 ya sayar wa wani mutum tabar wiwi sau uku, kowane ciniki na dala 350, bai san cewa mutumin yana kai wa 'yan sanda rahoto ba. Mutumin ya shaida cewa a ciniki na farko ya ga bindiga a cikin motar Angelos, a na biyu kuma ya gan ta ɗaure a idon sawunsa. Babu wanda ya ce an zaro bindigar ko an yi barazana da ita. Da jami'ai suka binciki gidansa daga baya, sai suka sami wasu bindigogin.

Masu gabatar da ƙara sun yi masa tayi: ya amsa laifin sayar da tabar da tuhuma ɗaya ta riƙe bindiga, su kuma su nema masa shekara 15. Ya ƙi. Sai suka sake tsara takardar tuhuma ta koma tuhume-tuhume 20, biyar daga ciki a ƙarƙashin sashe na 924(c) na kundin laifukan tarayya, wanda ke hukunta riƙe bindiga a yayin fataucin ƙwaya ko aikata laifin tashin hankali. A lokacin, sashen ya wajabta shekara 5 a tuhuma ta farko, da shekara 25 a kan kowace tuhuma da ta biyo baya, kuma ba a haɗa su, sai an gama wannan a shiga wancan. Mai karanta dokar zai zaci shekara 25 ɗin an tanade ta ne domin wanda aka taɓa ɗaurewa ya fito ya sake aikata laifin, amma a 1993, a shari'ar Deal, Kotun Ƙoli ta fassara ta da cewa ana iya jera tuhume-tuhumen a shari'a guda a kan mutumin da bai taɓa shiga kurkuku ba. A Disamba 2003 masu taimaka wa alƙali yanke hukunci suka sami Angelos da laifi a tuhume-tuhume 16, uku daga ciki na bindiga. Lissafin ya zama 5 da 25 da 25. Kwana ɗayan da ke kan shekara 55 shi ne duk abin da alƙalin ya ba shi a kan sauran laifukan 13, domin a nan ne kawai yake da ikon sassautawa.

Cassell ba alƙali ne mai sanyin hannu ba. Bush ne ya naɗa shi, kuma an san shi da kare haƙƙin waɗanda aka yi wa laifi. Duk da haka ya zauna ya kwatanta hukuncin da abin da ƙa'idojin yanke hukunci na tarayya suka tanadar wa wanda ya yi fashin jirgin sama, da ɗan ta'addar da ya tayar da bam a bainar jama'a, da wanda ya yi wa ƙaramar yarinya fyaɗe, ya nuna cewa ko wanne daga cikinsu zai sami abin da bai kai rabin na Angelos ba. A ranar da ya yanke wannan hukunci, ya yanke wa wani mutum da ya kashe wata tsohuwa ɗaurin kusan shekara 22. Ya kuma aika wa mutanen da suka sami Angelos da laifi tambaya a kan hukuncin da suke ganin ya dace, amsoshin da suka dawo matsakaicinsu ya tsaya a wajen shekara 18.

Abu ɗaya ya kamata a fahimta kafin a bi sawun abin da ya biyo baya. Dokar gyaran hukunci ta 1984 ta soke tsarin sakin fursuna bisa sharaɗi kafin cikar wa'adinsa ga duk laifin tarayya da aka aikata daga 1 ga Nuwamba 1987. Babu wani kwamiti da zai zauna bayan shekara 10 ko 15 ya duba ko mutum ya shiryu. Rangwamen da ya rage wa irin su Angelos shi ne na kyakkyawan hali, kwana 54 a kowace shekara, wato fursuna zai yi kusan kashi 85 cikin 100 na wa'adinsa. Da wannan lissafi, Angelos zai fito yana da shekara 70 a duniya.

Ɗaukaka ƙara

Hanya ta farko ita ce ɗaukaka ƙara kai tsaye, kuma ita kaɗai ce haƙƙin da ba a iya hana wanda aka yi wa cikakkiyar shari'a. A yau ana da kwana 14 daga ranar da aka shigar da hukunci a rajista a miƙa takardar sanarwa. A zamanin shari'ar Angelos kwana 10 ne. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya, kotu za ta ba shi, ko dai daga ofishin lauyoyin da gwamnati ke biya domin kare marasa hali, ko daga jerin lauyoyi masu zaman kansu da ake biya a ƙarƙashin wata doka ta 1964. Sai dai yawancin fursunonin tarayya ba sa cin moriyar wannan hanya sosai, domin kamar yadda Kotun Ƙoli ta ambata a 2012, kashi 97 cikin 100 na waɗanda aka samu da laifi a kotunan tarayya amsa laifi suka yi, kuma yarjejeniyar amsa laifin sau da yawa tana ɗauke da sharaɗin cewa mutum ya yafe haƙƙinsa na ɗaukaka ƙara.

Angelos bai yafe nasa ba. Ƙararsa ta tafi kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta 10 da ke Denver, kuma tsofaffin alƙalai da tsofaffin manyan masu gabatar da ƙara 163 suka sa hannu a takardar goyon bayansa, abin da ba kasafai ake gani ba. Babbar hujjar ita ce gyara na 8 na kundin tsarin mulki, wanda ya haramta azaba mai tsanani da ta saɓa wa al'ada. A Janairu 2006 kotun ta tabbatar da hukuncin. Ta ce ma alƙalin farko ya rage wa laifukan nauyi, tana mai nuni da haɗarin da ke tattare da haɗa fataucin ƙwaya da bindiga.

Ba taurin zuciyar alƙalan Denver ne ya jawo haka ba. Kotun ɗaukaka ƙara ba ta sake sauraron shaidu, kuma ba ta tambayar ko hukunci ya yi yawa a mizanin tausayi. Abin da take nema shi ne kuskuren doka a cikin abin da aka rubuta a kotun ƙasa. A batun tsawon ɗauri kuwa, Kotun Ƙoli ta riga ta ƙuntata hanyar tun da daɗewa. A 1982, a shari'ar Hutto da Davis, ta bar hukuncin shekara 40 a kan tabar wiwi da ba ta wuce oza 9 ba. A 1991, a shari'ar Harmelin, ta amince da ɗaurin rai da rai a kan hodar iblis ga wanda bai taɓa laifi ba. Shi kansa Cassell ya ce hukuncin Davis ne ya hana shi ayyana shekara 55 a matsayin abin da ya saɓa wa tsarin mulki. Hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Booker na Janairu 2005, wanda ya mayar da ƙa'idojin yanke hukunci shawara maimakon umarni, bai taɓa hukunce-hukuncen dole da majalisa ta rubuta a doka ba, saboda haka bai amfane shi da komai ba.

Daga nan sai Kotun Ƙoli, inda ake da kwana 90 a nemi izini, kuma sai alƙalai huɗu cikin tara sun yarda kafin a saurari ƙara. Dubban buƙatu ke zuwa mata kowace shekara, waɗanda take saurare ba sa kaiwa 100. A Disamba 2006 ta ƙi karɓar tasa, ba tare da bayani ba, kamar yadda ta saba.

Sashe na 2255

Daga ranar da Kotun Ƙoli ta ƙi, wani agogo ya fara bugawa wanda fursunoni da yawa ba sa jin ƙararsa sai lokaci ya ƙure musu. Sashe na 2255 ya ba fursunan tarayya damar komawa kotun da ta ɗaure shi ya nemi a soke ko a gyara hukuncin, idan an take masa wani haƙƙi na tsarin mulki. Wata doka ta 1996 ta iyakance wannan dama zuwa shekara ɗaya daga ranar da hukunci ya zama na ƙarshe, kuma a mafi yawan lokuta harbi ɗaya ne ake da shi. Wanda yake son shigar da buƙata ta biyu sai ya fara samun izinin kotun ɗaukaka ƙara, ita kuma ba ta bayarwa sai da sabuwar hujja mai nuna bai aikata laifin ba, ko sabuwar ƙa'idar tsarin mulki da Kotun Ƙoli ta ce ta shafi tsofaffin shari'u. Ko ɗaukaka ƙara a kan ƙin amincewa da buƙatar farko ma sai da takardar izini daga alƙali.

Abin da ya fi nauyi a wannan mataki shi ne babu haƙƙin samun lauya kyauta, sai idan kotu ta yanke shawarar zama ta saurari shaidu, ko alƙali ya ga dacewar naɗawa. Mafi yawan fursunoni da kansu suke rubuta takardunsu, a ɗakin karatun doka na gidan yari, ko da taimakon wani fursunan da ya goge da harkar, wanda Kotun Ƙoli ta halatta taimakonsa tun 1969. Akwai wata ƙaramar ƙa'ida daga 1988 da ta ceci mutane da yawa: takardar fursuna ana ɗaukar an shigar da ita ne a ranar da ya miƙa ta ga jami'an gidan yari domin aikawa, ba ranar da ta isa kotu ba.

Hujjar da aka fi kawowa a nan ita ce gazawar lauya, kuma ita Angelos ya kawo, musamman a kan shawarar da ya samu lokacin da ake tayin shekara 15. Mizanin da shari'ar Strickland ta kafa a 1984 yana da ƙafa biyu: sai an nuna aikin lauyan ya gaza abin da ake tsammani daga ƙwararre, sannan a nuna cewa ba don gazawar ba, da akwai yiwuwar sakamakon ya bambanta. Kotuna suna kyautata wa lauya zato ƙwarai. An ƙi buƙatar Angelos, kotun Denver kuma ta tabbatar da ƙin a 2011. Shekara ɗaya bayan haka Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Lafler da ta Frye, inda ta fayyace cewa mummunar shawarar lauya a lokacin ciniki kan amsa laifi tana iya zama dalilin gyara hukunci, amma nasa harbin ya riga ya fita.

A nan ne ainihin matsalar take. Duk hanyoyin kotu da aka bi zuwa wannan lokaci an gina su ne domin kamo kuskure, Angelos kuwa ba kuskure ne ya ɗaure shi ba. An bi doka daki-daki, kuma dokar ce ta haifar da shekara 55. Sauran ƙananan ƙofofin ma ba nasa ba ne. Ƙa'ida ta 35 ta tsarin shari'ar laifuka a kotunan tarayya tana ba alƙali 'yan kwanaki ya gyara kuskuren lissafi, tana kuma ba da damar rage hukuncin wanda ya taimaka wa gwamnati ta kama wasu, amma sai gwamnati ce za ta nema. Rage hukunci saboda an sassauta ƙa'idojin ƙwaya daga baya ba ya shafar hukuncin dole. Shirin maganin shaye-shaye da ke rage wa fursuna har shekara ɗaya ba a ba masu laifin bindiga rangwamensa. Sakin jinƙai kuwa, a wancan lokaci, shugaban hukumar gidajen yari ne kaɗai ke iya kai buƙatarsa kotu, kuma da wuya yake kaiwa sai ga wanda ke bakin mutuwa.

Afuwar shugaban ƙasa da mutanen da ke waje

Sashe na biyu na kundin tsarin mulkin Amurka ya ba shugaban ƙasa ikon yafe laifukan tarayya, ban da na jihohi, waɗanda ke hannun gwamnoni ko kwamitocin jiha. Ikon iri biyu ne a aikace. Akwai sassauci, wanda ke rage wa'adi ya bar laifin a kan mutum, akwai kuma cikakkiyar afuwa, wadda a bisa al'ada ake nema bayan shekara 5 da fitowa, kuma take maido da haƙƙoƙin da laifin ya ɗauke. Ana shigar da buƙata ta ofishin lauyan afuwa da ke ma'aikatar shari'a, wato ma'aikatar da ta gurfanar da mutum ita ce kuma ke tace roƙonsa, har ana tuntuɓar ofishin da ya yi ƙararsa a ji ra'ayinsu. Babu wa'adin amsawa, babu wajibcin bayar da dalili, babu kuma inda ake ɗaukaka ƙara.

Bush ya sauka a Janairu 2009 bai amsa roƙon alƙalin da shi ya naɗa ba. Cassell ya bar kujerar alƙalanci a 2007 ya koma koyar da doka a Jami'ar Utah, amma bai saki maganar ba, har a Fabrairu 2016 ya sake rubuta wa Shugaba Barack Obama wasiƙa. Kafin nan, a Nuwamba 2013, mutane fiye da 100 da suka haɗa da tsofaffin alƙalai, tsofaffin gwamnoni da 'yan majalisa na jam'iyyun biyu sun aika wa Obama irin wannan roƙo. A Afrilu 2014 gwamnatinsa ta buɗe wani shiri na musamman domin fursunonin da suka yi aƙalla shekara 10, ba su da tarihin tashin hankali, kuma suka nuna kyakkyawan hali a tsare, dubban lauyoyi suka ba da kansu kyauta domin shirya takardun. Kafin Obama ya sauka ya sassauta hukuncin mutum 1,715. Angelos, wanda ake kafa misali da shi a duk lokacin da aka tashi maganar, ba ya cikinsu.

Tallafin da ya samu a waɗannan shekaru ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ne ya bambanta shi da ɗaruruwan da ke ɗauke da irin hukuncinsa. An tsare shi a jihar California, nesa da 'ya'yansa uku da ya bari ƙanana a Utah. 'Yar'uwarsa ta ɗauki maganar a kanta, tana bin 'yan jarida da ofisoshin 'yan majalisa. Ƙungiyar FAMM, wadda Julie Stewart ta kafa a 1991 domin iyalan waɗanda hukuncin dole ya shafa, ta riƙa yaɗa labarinsa. Malaman doka sun tsaya masa ba tare da kuɗi ba. Sannan akwai Mike Lee, wanda yake mataimakin mai gabatar da ƙara na tarayya a Salt Lake City lokacin da ake shari'ar, ko da yake ba shi ya riƙe ta ba. Da ya zama sanata a 2011 sai ya riƙa ambaton sunan Angelos a duk inda ake muhawarar gyaran dokar. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke da ikon buɗe ƙofar kurkuku. Abin da suka yi shi ne hana fayil ɗin ya kwanta, kuma a tsarin da mabuɗi ke hannun 'yan siyasa da jami'an ma'aikatar shari'a, wannan aiki ne na gaske. Fursunan da ba shi da ɗan'uwa mai naci, ba shi da alƙalin da ya rubuta nadamarsa, ba shi kuma da sanannen mawaƙi a tarihinsa, takardarsa tana cikin dubbai tana jiran wanda zai buɗe ta.

Wanda ya ɗaure shi ne ya kwance

Ranar 31 ga Mayu 2016 Angelos ya fita daga kurkuku bayan kusan shekara 13 a tsare. Ba shugaban ƙasa ne ya sake shi ba. Kotun tarayya ta Utah ce ta rage hukuncin, bayan ofishin masu gabatar da ƙara ya goyi bayan hakan, da sa hannun mutumin da ya jagoranci gurfanar da shi tun farko. An rufe takardun wannan mataki daga idon jama'a.

Akwai abin da ya gabaci wannan. A Brooklyn da ke New York, Mai Shari'a John Gleeson ya taɓa ɗaure Francois Holloway shekara 57 da 'yan watanni saboda fashin motoci uku, a ƙarƙashin wannan sashe na 924(c), bayan shi ma ya ƙi tayin da bai wuce shekara 11 ko 12 ba. Da duk hanyoyin doka suka ƙare, Gleeson ya roƙi Loretta Lynch, wadda ke shugabantar ofishin masu gabatar da ƙara na yankin, ta yarda a janye biyu daga tuhume-tuhumen. Da farko ta ƙi, ta ce a nemi afuwar shugaban ƙasa, daga baya a 2014 ta amince, aka sake yanke masa hukunci. Lauyoyi suka riƙa kiran wannan dabara da sunan Holloway, amma ba haƙƙi ba ne da fursuna zai nema a kotu. Idan mai gabatar da ƙara ya ce a'a, magana ta ƙare, kuma a mafi yawan buƙatun da suka biyo baya a'a ɗin aka ce.

Idan aka dubi shari'ar daga farko zuwa ƙarshe, za a ga cewa ofishi ɗaya ne ya kimanta laifin a shekara 15, shi ne ya mayar da shi abin da ya haura shekara 100 a takardar tuhuma da aka ƙi tayinsa, kuma shi ne bayan shekaru ya yarda cewa kusan 13 sun isa. Alƙalin da ya ji shaidu da kunnensa bai iya rage ko kwana ɗaya daga 55 ɗin ba. Wannan, a ganina, ya fi tsawon hukuncin kansa ban tsoro, domin shawarar mai gabatar da ƙara ana yin ta ne a ofis, ba a rubuta dalilanta, ba a kuma ɗaukaka ƙara a kanta.

Bayan fitowarsa Angelos ya kafa ƙungiya mai suna The Weldon Project, wadda ke nema wa waɗanda aka ɗaure kan tabar wiwi afuwa, a daidai lokacin da jihohi da dama suka halatta sayar da ita a shaguna. Ranar 22 ga Disamba 2020 Shugaba Donald Trump ya yi masa cikakkiyar afuwa.

Waɗanda aka bari a ciki

Gyaran da Cassell ya roƙa a 2004 ya zo ne ranar 21 ga Disamba 2018, lokacin da aka sa hannu a dokar First Step Act, wadda majalisar dattawa ta amince da ita da ƙuri'a 87 da 12. Dokar ta ce shekara 25 ba za ta hau kan mutum ba sai idan an taɓa samun sa da laifin 924(c) a wata shari'ar da ta riga ta kammala. Da yau aka yi wa Angelos shari'a, tuhume-tuhumen bindiga uku za su ba shi shekara 15, ba 55 ba. Dokar ta kuma umarci hukumar gidajen yari ta yi ƙoƙarin ajiye fursuna a cikin mil 500 daga gidansu, ta ƙirƙiro rangwamen kwanaki ga masu shiga shirye-shiryen gyaran hali, ko da yake masu laifin 924(c) ba sa cikin masu samun sa, haka kuma baƙon da aka riga aka yanke hukuncin mayar da shi ƙasarsu ba ya iya amfani da shi.

Sai dai majalisa ba ta mayar da gyaran sashen bindigar baya ba. Wanda aka yanke wa hukunci kafin ranar da dokar ta fara aiki yana nan da shekarunsa. Abin da ya buɗe musu 'yar kafa wani sashe ne dabam na dokar, wanda ya karɓe sakin jinƙai daga hannun hukumar gidajen yari ita kaɗai: yanzu fursuna yana miƙa buƙata ga shugaban gidan yarinsa, idan kwana 30 suka wuce sai ya tafi kotu da kansa, ya nuna dalili na musamman mai ƙarfi. Nan take lauyoyi suka fara tambaya ko tazarar da ke tsakanin tsohon hukunci da sabon tana iya zama irin wannan dalili.

A Utah ɗin dai aka sami ɗaya daga amsoshin farko. Kepa Maumau, wanda aka ɗaure shekara 55 a ƙarƙashin wannan sashe saboda fashin da ya yi yana ɗan shekara 20, ya sami ragi daga kotun tarayya ta jihar a 2020, kuma a 2021 kotun Denver, wadda ta tabbatar da hukuncin Angelos shekara 15 kafin nan, ta amince da ragin. Kotunan shiyya ta 1, ta 4 da ta 9 sun bi wannan fahimta. Na shiyya ta 3, ta 6 da ta 7 sun ce a'a, domin a wurinsu yin haka shigo da abin da majalisa ta ƙi yi ne ta bayan gida. Sakamakon a lokacin shi ne mutum biyu masu laifi iri ɗaya da hukunci iri ɗaya, wanda aka yi wa shari'a a Utah ko Virginia yana da damar fita, wanda aka yi wa a Pennsylvania ko Ohio ba shi da ita. A 2023 hukumar tsara ƙa'idojin hukunci ta ƙasa ta sa baki, ta ce alƙali yana iya la'akari da sauyin doka idan fursuna ya yi aƙalla shekara 10 a kan hukunci mai tsawon da ya wuce misali, amma ma'aikatar shari'a ta ƙalubalanci ikon hukumar na faɗin haka, wasu kotuna kuma suka goyi bayanta. A Yuni 2025 Kotun Ƙoli ta karɓi ƙararrakin Rutherford da Carter, fursunoni biyu daga Pennsylvania da aka jera wa tuhume-tuhumen bindiga kamar yadda aka yi wa Angelos, ta kuma saurari lauyoyinsu a watan Nuwamba na shekarar.